Takalmin Iska Ba Ya Wanke Gajiya: Martani

A makonnin baya wani marubucin wasanni ya fitar da doguwar maƙala yana yi wa matasan 'yan ƙwallo da masu gudu jagora kan yadda za su zaɓi takalmin nan mai matsa ƙafa da iska. Maƙalar ta yi daɗin karatu, ta kuma zagaya sosai a tsakanin masu horar da ƙananan ƙungiyoyi. Abin da ya kafa hujjarsa a kai shi ne, wai takalmin yana wanke sinadarin laktik da ke taruwa a tsoka bayan wasa, don haka ɗan wasa zai wayi gari garau, kuma duk wanda zai saya ya nemi wanda ya fi ƙarfin matsi, domin nan ne aikin yake. Ya rufe da shawarar cewa duk ɗan wasan da ya sauko daga doguwar tafiya yana jin ciwo a sha-raɓa, ya zura ƙafa a ciki kafin ya kwanta. Maganar farko ba ta tsaya a kan ilimi ba, ta biyu za ta jawo wa yara asarar kuɗi, ta ƙarshe kuwa tana iya kai mutum kushewa.

Ga wanda bai taɓa ganin abin ba, wata doguwar safa ce ta leda mai kauri, daga tafin ƙafa har gindin cinya, da zif a gefe. Cikinta an kasa shi ɗaki-ɗaki, huɗu ko biyar ko fiye, kowane ɗaki da hanyar iskarsa. Tiyo yana fitowa daga safar ya shiga wani ɗan akwati mai famfo. In aka kunna, ɗakin da ke tafin ƙafa ya fara kumbura ya damƙe ƙafar, sai na idon sawu ya karɓa, sai na sha-raɓa, haka har cinya, sannan duka su saki iskar lokaci guda da ɗan huci, a sake farawa daga ƙasa. Mutum yana kishingiɗe minti ashirin ko talatin yana latsa waya. Wanda duk ya gwada zai ce akwai daɗi, kuma babu mai musun wannan.

Asalin na'urar asibiti ne. Kamfanin NormaTec, wanda sunansa ya fi na kowa fita a wannan harka, wata likita ce mai suna Laura Jacobs ta kafa shi a Amurka a 1998, domin marasa lafiyar da jini ko ruwan jiki ke taruwa musu a gaɓoɓi su kumbura. Daga baya ne aka juya akalarsa zuwa 'yan wasa, a 2020 kuma kamfanin Hyperice ya saye shi. A asibiti babu shakka irin wannan matsi yana aiki. A 2013 mujallar likitanci ta Lancet ta buga sakamakon wani babban gwaji mai suna CLOTS 3, wanda aka yi a asibitocin Birtaniya kan mutum 2,876 da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Cikin waɗanda ba a sa wa na'urar ba, kashi 12.1 cikin ɗari sun sami gudan jini a manyan jijiyoyin ƙafa. Cikin waɗanda aka sa wa, kashi 8.5 ne.

Marubucin ya taɓo wannan tarihi na asibiti a matsayin hujjarsa, alhali in aka duba da kyau hujja ce a kansa. Jinin da ya sauka ƙafa ba ya komawa zuciya da kansa. Tsokar sha-raɓa ce take matse jijiyoyin duk lokacin da mutum ya taka, wasu 'yan ƙofofi a cikin jijiyar kuma su hana jinin komawa ƙasa. Majinyacin da ke kwance ba ya motsi ya rasa wannan famfo na halitta, shi ya sa ake aro masa na inji. Yaro ɗan shekara ashirin da ya gama gudun minti casa'in a fili, famfon ƙafarsa lafiya lau yake. Zagaye fili a hankali na minti goma, ko ɗan tuƙa keke, yana tura jini daga ƙafa ba tare da an kashe ko sisi ba.

Sai maganar laktik, wadda ita ce ginshiƙin maƙalar. Wannan tsohon zance ne da ya daɗe yana yawo a bakin masu horarwa, kuma masana sun daɗe da ajiye shi. Gaskiya ne sinadarin yana ƙaruwa a jini lokacin da ake gudu mai tsanani. Amma jiki ba ya barinsa ya kwana. Cikin kamar sa'a guda da tsayawa ya koma yadda yake, ko an sa takalmi ko ba a sa ba, domin zuciya da hanta da su kansu tsokoki suna ɗauke shi su yi makamashi da shi. Farfesa George Brooks na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya shafe shekaru tun wajen 1980 yana nuna haka. Tsamin jikin da ke hana ɗan wasa sauka daga bene kuwa ba ya zuwa a ranar wasa. Washegari yake farawa, ya yi ƙamari a kwana na biyu ko na uku, lokacin da babu sauran laktik ɗin da za a wanke.

Tun a 1983 wasu masu bincike ƙarƙashin James Schwane suka raba gardamar da gwaji mai sauƙi. Sun sa mutane gudu a kan injin gudu a miƙe, laktik ya hau, amma jikinsu bai yi tsami ba. Suka sake sa su gudu a gangare, laktik bai hau ba, amma bayan kwana biyu ƙafafu suka yi tsami. Abin da ke kawo ciwon shi ne 'yan ƙananan yagewa a zaren tsoka, musamman lokacin da tsoka take riƙe nauyi tana miƙewa, kamar wajen taka birki da juyawa da dirowa daga tsalle, sai kuma kumburin da ke biyo baya yayin da jiki yake gyara. Wannan gyara da abinci da barci da lokaci ake yin sa. Iska daga waje ba ta ɗinke zaren tsoka.

Mai karatu yana iya cewa, to a bar batun dalili, shin abin yana aiki ko ba ya yi? An gwada, kuma a wurin da ya fi ko'ina dacewa. A jihar Kalifoniya akwai tseren da ake kira Western States, gudun kilomita 161 a kan duwatsu da kwazazzabai, ana farawa da asuba a ƙarshen watan Yuni, mafi yawan masu gudun su kwana a hanya, a ƙare a filin wata makarantar sakandare a garin Auburn. Waɗanda suka iso nan ƙafafunsu sun ga abin da ƙafar ɗan ƙwallo ba ta taɓa gani ba. Dakta Martin Hoffman da abokan aikinsa suka tare mutum 72 daga cikin waɗanda suka kammala, suka kasa su uku ta hanyar ƙuri'a: wasu aka yi musu tausa ta minti ashirin, wasu aka sa musu takalmin iska na minti ashirin, wasu aka ce su kwanta rigingine kawai. Kafin tseren an riga an auna saurin kowa a gudun mita 400, aka sake aunawa a kwana na uku da na biyar bayansa, ana kuma tambayarsu kullum yadda suke ji har mako guda.

Sakamakon da aka buga a 2016 bai ɓoye komai ba. Waɗanda aka sa wa takalmin sun tashi suna cewa gajiyar ta ragu, haka ma waɗanda aka yi wa tausa. Amma a kwanakin da suka biyo baya, babu bambanci tsakaninsu da waɗanda suka kwanta kawai, ba a tsamin jiki ba, ba kuma a saurin gudun mita 400 ba. Sauƙin na wannan lokacin ne, bai kai washegari ba.

Adalci ya sa a faɗi cewa akwai binciken da ya sami wani abu. William Sands ya gwada na'urar a kan 'yan wasan da ke cibiyar horon Olamfik ta Amurka, ya ga cewa bayan minti goma sha biyar a ciki, sai an fi danna tsokarsu da ƙarfi kafin su ji zafi, kuma wannan ya ɗore har zuwa ƙarshen yinin. In aka tattara gwaje-gwajen da aka yi, abin da ke fitowa kusan iri ɗaya ne: ɗan sauƙi a yadda mutum yake jin ciwo, amma ƙarfi da tsalle da gudu ba su cika canzawa ba. Ko wannan ɗan sauƙin ma akwai tambaya a kansa. A gwajin magani ana iya ba wa wasu ƙwayar da babu komai a cikinta ba tare da sun sani ba, amma babu yadda za a sa wa mutum takalmin da ke matsa masa cinya bai sani ba. Wanda aka gaya wa cewa wannan na'urar manyan 'yan wasa ce, ya kwanta cikinta rabin sa'a, da wuya ya tashi ya ce bai ji komai ba.

Jin daɗi ba abin raini ba ne. Ɗan wasan da zai buga wasa yau ya sake bugawa jibi, in ya ji ƙafarsa ta yi sakayau ya kwanta da kwanciyar hankali, ya sami wani abu. Kuma yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya, takalmin yana ɗaure shi rabin sa'a ƙafa a miƙe. Da marubucin ya tsaya a nan, da babu mai ɗaga alƙalami. Inda ya zarce shi ne ya sayar wa matasa jin daɗi da sunan warkewa, wanda ya yarda da haka kuwa zai koma atisaye mai nauyi da tsokar da ba ta gama gyaruwa ba.

Ya kuma kawo hotunan taurari, yana cewa in abin ba ya aiki me ya sa suke sawa. Ya kamata mai karatu ya san cewa Hyperice ya ƙulla yarjejeniyar kasuwanci da hukumar ƙwallon kwando ta NBA a 2020, kuma Erling Haaland da Naomi Osaka da Patrick Mahomes duk suna cikin waɗanda suka zuba jari a kamfanin. Wannan ba laifi ba ne, kasuwanci ne a fili. Amma hoton mai hannun jari sanye da kayan kamfaninsa talla ce, ba gwaji ba. Haaland yana da mai dafa masa abinci da likita da mai tausa, kuma an san shi da tsananin kula da barcinsa. Takalmin ɗan ƙari ne a kan ginin da ya riga ya tsaya.

Shawarar neman wanda ya fi ƙarfin matsi ma ba ta da tushe. Ana auna matsin da ma'aunin da ake auna hawan jini da shi. Na'urorin asibiti da suka hana gudan jini a wancan gwaji na Birtaniya, irinsu kan tsaya ne a wajen 40 zuwa 45. Na'urar Normatec ta 'yan wasa iyakarta wajen 110. Amma a kasuwar intanet akwai masu araha da ke alfahari da 200 da ɗoriya, kuma su ne marubucin ya yaba. Jinin mai lafiya yana fitowa daga zuciya da ƙarfin wajen 120. Abin da ake so shi ne a tura jinin da ke komawa sama, wanda matsi kaɗan ya ishe shi, ba a toshe wanda ke saukowa ba. Matsin da ya wuce kima abin da yake kawowa shi ne ƙafa ta yi sanyi, yatsu su mutu, fata ta yi shaida, wani lokaci jijiyar da ke gefen gwiwa ta dannu. Yara kuma da halinsu, in aka ce musu ƙarfi shi ne aiki, sai sun mayar da abin gasar juriya.

Batun kuɗi marubucin ya wuce shi da layi ɗaya, wai jari ne. Normatec na ƙafa biyu ya kai wajen dala 800. A 2025, da dala take wajen naira 1,500, wannan ya kama naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, kafin kuɗin dako da kwastan. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Najeriya a 2024 naira 70,000 ne a wata, wato albashin shekara guda cur bai saye shi ba. Yaron da ke buga wa ƙungiyar unguwa a Kano ko Zariya ko Maraɗi, yana mafarkin gwaji a waje, shi ne zai karanta maƙalar ya je ya matsa wa mahaifinsa ko yayansa da ke ci-rani.

Da wannan kuɗi za a iya sayen abubuwan da aka tabbatar suna gyara tsoka. Ɗan wasa mai nauyin kilo 70 yana bukatar furotin wajen giram 110 a yini, ƙwai ɗaya kuwa giram shida ne kacal, saboda haka sai an haɗa da wake da kifi da nama da nono kafin a kai. Da yawa daga cikin yaran nan suna fita atisayen safe da shayi da burodi, su dawo su jira tuwon dare. A zafin Afrilu, lokacin da rana take haura digiri 40 a Kano da Sakkwato, ɗan wasa yana iya zubar da kilo biyu na gumi a atisaye ɗaya, kuma kowane kilo yana bukatar wajen lita ɗaya da rabi na ruwa kafin ya dawo. Sikelin awon nauyi guda ɗaya a bakin fili, a hau kafin atisaye a hau bayansa, ya fi takalmin gaya wa koci halin da yaransa suke ciki.

Barci kuma ya fi su duka. A wani bincike da aka buga a 2011, Cheri Mah ta Jami'ar Stanford ta sa 'yan ƙwallon kwandon jami'ar su riƙa neman barcin sa'a goma na tsawon makonni. Gudun da suke yi cikin daƙiƙa 16.2 ya koma 15.5, jefa ƙwallo a raga kuma ya ƙaru da kashi tara cikin ɗari. 'Yan wasa goma sha ɗaya ne kawai a gwajin, don haka bai kamata a ɗora masa kaya fiye da ƙarfinsa ba, amma babu wani gwajin takalmin iska da ya nuna canji irin wannan a fili. Yaron da ke gidan kallo har ƙarfe goma sha ɗaya, ya koma ɗaki mai zafi da sauro ya riƙe waya har ɗaya, ya tashi asuba, gidan sauro da fanka mai caji sun fi masa amfani.

Abin da ya sa wannan martani ya zama dole shi ne shawarar ƙarshe, ta ciwon sha-raɓa bayan tafiya. Kamfanonin da kansu suna rubuta a takardar da ke cikin kwali cewa kada mai gudan jini a ƙafa ya sa takalmin, haka mai ciwon zuciyar da ke tara ruwa, da mai ƙwayar cuta a fatar ƙafa, da mai toshewar jijiyoyin da ke kai jini ƙafa, da mai karaya. Maƙalar ba ta ambaci ko ɗaya ba. Dalilin hanin kuwa a fili yake: na'urar da ke hana gudan jini samuwa, in ta tarar ya riga ya samu, tana iya ɓamɓaro shi ta tura shi sama, ya bi jini ya je ya toshe huhu.

Kada a ce wannan ciwon tsofaffi ne. Chris Bosh, ɗan ƙwallon kwando na Miami Heat, yana kan ganiyarsa aka sami gudan jini a huhunsa a Fabrairun 2015. Shekara guda bayan haka ya ji ciwo a sha-raɓa, aka fara ɗaukarsa ciwon tsoka, sai bincike ya nuna wani gudan jinin ne, kuma bai sake buga wasa a NBA ba. A Maris na 2025 Damian Lillard na Milwaukee Bucks ya bar wasanni saboda ciwo a sha-raɓar dama, kwanaki kaɗan aka gano gudan jini ne. Serena Williams ta tsallake rijiya da baya a 2011 da gudan jini a huhu. Waɗannan mutane ne da likitoci ke kewaye da su, da na'urar hoton jijiya a kusa, amma ga Bosh da Lillard da farko ciwon ya yi kama da jan tsoka.

A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa zama wuri ɗaya a tafiyar sa'a huɗu ko fiye yana ninka haɗarin gudan jini kusan sau biyu, a jirgi ne ko a mota. Haɗarin ga mutum ɗaya ƙarami ne, amma ƙungiyoyin ƙwallon Najeriya da yawa a mota suke zirga-zirga, kuma daga Kano zuwa Aba ko Uyo tafiyar yini ce cur, gwiwa a lanƙwashe, ruwa kaɗan don gudun tsayawa a hanya, wani lokaci da dukan da aka sha a ƙafa a wasan jiya. Yaron da ya sauko daga irin wannan tafiya ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya kumburi, tana da ɗumi, tana ciwo in an taɓa, asibiti ya kamata a kai shi a daren. In ya haɗa da sarƙewar numfashi ko ciwon ƙirji, ko minti ɗaya ba a jira. Maƙalar ta ce masa ya zura ƙafar a takalmi ya ƙara matsi.

Ƙungiyar da ta riga ta tsare abinci da ruwa da wurin kwanan 'yan wasanta, tana da rarar kuɗi, tana iya sayen guda ɗaya ko biyu a riƙa karɓa-karɓa, a hannun mai kula da lafiyar ƙungiya, ba a ɗakin yara ba. Abin dubawa a lokacin shi ne tsawon safar ya dace da ƙafar, domin in ta yi gajere bakinta yana datse cinya, sannan ɗakunan iskar su hau kan juna ba tare da rata ba, matsin ya fara daga ƙasa ya hau, a kuma iya rage shi a ga lambarsa a rubuce. Batir yana da muhimmanci inda wuta ba ta da tabbas, haka kuma a tambayi mai sayarwa inda za a sami tiyo da zif in sun lalace, domin su ne ke fara mutuwa. A fara da matsi mafi ƙanƙanta, a tsaya a inda yake da daɗi, a kashe da zarar yatsu sun fara mutuwa.

Maƙalar tana nan tana yawo a wayoyin masu horarwa, wasu ma sun karanta wa yaransu ita a bakin fili. Kan laktik da ƙarfin matsi, marubucin yana da damar ya kawo nasa gwaje-gwajen a duba. Amma sakin layin da ya ce mai ciwon sha-raɓa bayan tafiya ya sa takalmin, wannan ya kamata ya janye shi a rubuce, a wurin da ya buga na farko, ya kuma lissafa alamomin gudan jini da mutanen da aka hana sa na'urar.